Kwanon da Ya Tare Sabis

Kwalin ya iso Kalgo ne, inda nake aure, da farkon damina, a shekarar da Baba ya rasu. Yayanmu, ɗan farin gidanmu da ke aiki a wani asibiti a ƙasar waje, shi ya aiko da shi ta hannun wani abokinsa. Bai samu zuwa jana'iza ba, har aka yi sadakar arba'in takardunsa ba su fito ba. Ya kira ni ya ce na'urorin wayifai ne a ciki, in je Gwandu in haɗa su a gida, yana so ya riƙa ganin fuskar Inna yana yi mata magana. Wai ai ni ke koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, abin ba zai ba ni wuya ba. Haka 'yan gidanmu suke. Tunda na taɓa gyara wa wani baffanmu agogon waya, duk abin da ake jona wa wuta ya zama nawa, har fanka.

Inna tana cikin takaba a lokacin, ba ta fita ko nan da ƙofar gida. Gidanmu kuwa tsohon gini ne na ƙasa, bango mai kauri kamar na rumbu, an bi shi daga baya da rufin kwano. Sabis ba ya shiga ko'ina sai zaure, shi ma sai mutum ya tsaya gefen tagar da ke kallon hanya. Zaure kuma wurin maza ne, ba inda mai takaba za ta je ta tsaya tana ɗaga waya sama ba. Saboda haka tun rasuwar, Yaya bai ji muryarta ba sai a bakin mutane.

Na tafi ranar wata Asabar, na shiga mota zuwa Birnin Kebbi, na sake wata zuwa Gwandu, kwalin a cinyata. Na'urori uku ne farare, kowace kamar babban curin fura, sai rawuta da ake sa wa layin waya. Takardar da ta zo da su ta ce a ajiye ɗaya a falo, ɗaya a saman bene. Na karanta na ninke ta, don wanda ya rubuta ta bai taɓa ganin gida mai zaure da soro da tsakar gida da garken awaki a tsakiya ba. Abin da na fahimta dai shi ne, ta farko ita ke karɓar sabis daga rawuta, ta miƙa wa ta biyu, ta biyu ta miƙa wa ta uku, yadda masu gini ke miƙa wa juna tubali. In ɗaya ta yi nisa da 'yar'uwarta, aiki ya tsaya.

Na kafa rawuta da ta farko a tagar zaure. Ta biyu na rataye ta a ƙarƙashin rumfar da ke gaban madafi, bayan na zagaya tsakar gida da ita a hannu kamar mai turare, ina jiran fitilarta ta koma kore. Ƙanena ya ja mini waya daga batirin sola. Ta ukun ce ta ba ni ciwon kai. Duk inda na ajiye ta a ɗakin Inna sai ta yi ja. Kan gado, ja. Kan kabad, ja. Zufa ta jiƙa mini hijabi, na shiga yi wa matar ƙanena mita, ina ce mata kwanon nan ne ke tare sabis, duk inda kwano ya rufe, abin nan ba ya ji ba ya gani. Inna tana zaune a kan tabarma da carbinta, ko kallonmu ba ta yi ba. Daga ƙarshe na ɗora ta a bakin tagar da ke kallon rumfa, ta yi ƙyaf-ƙyaf ta koma kore.

Nan take na kira Yaya. Fuskarsa ta fito tar, har ina ganin labulen ɗakinsa. Na juya wayar wajen Inna, sai ta miƙe ta ce alwalarta ta warware, ta ɗauki buta ta fita. Yaya ya gai da bayanta. Ban kawo komai a raina ba, ni dai na gaji, kuma ina so in samu motar komawa. Na bar mata tsohuwar wayar Baba, na nuna wa matar ƙanena inda ake dannawa. Yaya ya ce zai riƙa kira duk Juma'a bayan la'asar, don ranar ce hutunsa.

Daga nan na shiga uku.

Juma'ar farko kira bai shiga ba, ashe matar ƙanena ce ta zare na'urar rumfa ta jona cajin wayarta. Na je na yi faɗa, na naɗe kowane soket da salatif, na ce duk wanda ya sake taɓa wayar wuta ni da shi ne. Juma'a ta biyu kuma data ce ta ƙare ƙarƙaf, domin maza sun gano fasuwod, zaure ya koma gidan kallon dambe. Na canza fasuwod, aka yi ta gaishe ni a daƙile a unguwa. Wata rana hadari ya wuni, batir bai ci rana ba. Waɗannan duk na gane kansu, na kuma yi maganinsu.

Wanda ya gagare ni shi ne na ɗakin Inna. Akwai manhaja a wayata da ke nuna mini na'urorin uku ko ina Kalgo, kowace da ɗan ɗigonta. Duk mako ɗigon ɗakin Inna kore ne shar. Ranar Juma'a da an yi la'asar sai ya koma ja, ba zai farfaɗo ba sai wajen magariba. In na kira matar ƙanena, sai ta ce wallahi ba wanda ya zare komai, ta kuma shiga neman a sallame ta. Na je na zura tsinken tsintsiya a ɗan ramin da ke bayan na'urar, na maida ta sabuwa, na sake haɗa ta tun daga farko. Na canza soket. Na musanya ta da ta rumfa, ko ita ce mai ciwon. Na sabunta manhajar cikinsu har sau biyu. Na zargi zafi, na zargi ruwan sama, har na fara zargin lasifikar masallaci, abin da ko ɗalibata ce ta faɗa da na dangwara mata sifili.

Duk Asabar ina hanya. Geron da na gani yana tsirowa a gefen titi ya kai ƙugu, ya wuce kan mutum, ina nan ina jigila. Mijina ya daina tambayata inda za ni, sai dai ya ce in gai da na'urori. Wanki ya taru, takardun jarrabawa sun taru, bayana ya riƙe saboda ramukan hanya. Gaskiya na tsani fararen abubuwan nan, na kuma fara jin haushin wanda ya aiko su. Yana can cikin sanyin ofis, ya turo mini wahala a kwali.

Sai wata Juma'a ya kira ni bayan nasa kiran ya ƙi shiga. Na fara zuba masa bayanin bango da batir, ya bar ni na gama.

"Hwaɗa mini gaskiya," in ji shi. "Hushi Inna taka yi da ni?"

Na ce wane irin fushi kuma. Ya ce shi ne babba, shi ya kamata ya kama makarar Baba, ya shiga kabari ya karɓe shi, amma ƙannensa ne suka yi. Ya ce in Inna ba ta son ganinsa ne, a gaya masa kawai ya daina kira, ba sai an riƙa fakewa da sabis ba. Mutumin da ya girme ni nesa ba kusa ba, na ji muryarsa tana rawa. Haushin da nake ji ya zube, tausayinsa ya kama ni. Na rantse masa na'ura ce, alhali ni kaina na fara shakka.

Juma'a ta gaba ana tashi makaranta na wuce tasha, ban gaya wa kowa ina zuwa ba. Ruwa ya tare mu a hanya, na isa an idar da la'asar. Na duba na'urar zaure, kore. Ta rumfa, kore. Matar ƙanena na ganina ta shige madafi ba ko sannu da zuwa. Na yi sallama a ƙofar Inna na ɗaga labule.

A bakin taga, inda na'urar take, babban kwanon samira ne a kife, ɗaya daga cikin na jerenta na aure. Wayar wuta ta fito ta ƙarƙashinsa kamar wutsiyar ɓera, salatif ɗina yana nan a soket ba a taɓa shi ba. Na ɗaga kwanon. Fitilar tana ja, ta yi ta ƙyaftawa, ta koma kore. Ko ajiye kwanon ban yi ba wayar Baba ta fara ƙara a kan tabarma. Muka bar ta har ta katse.

"Inna, wa ya kihe kwanon ga?"

"Ni," in ji ta. "Ke kinka ce kwano na tare shi."

Na zauna a bakin gado. Kwanon rufi nake nufi ranar da na faɗa, ita kuma ta ɗauki na tuwo, abin takaicin kuma shi ne nata ya fi nawa aiki. Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na zaɓi faɗa. Na lissafa mata Asabar ɗin da na kashe a mota, da ciwon bayana, da zargin da na ɗora wa matar ƙanena da mazan zaure. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce ai ba ta zare komai ba, tunda na ce kar a taɓa waya, kuma ba ta so ta ɓata kayan mutane. Na ce to don me? Ta juyar da kai wajen bango.

"Yaushe nit taɓa zama in zuba mishi ido, shi ma shi zubo min? Da mai gidan na nan, shi ka riƙe waya."

Abu ne da na tashi na tarar, har na daina ganinsa. Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, sai dai ta ce "wancan". Ana yaye shi aka kai shi Dalijan wurin kaka, can ya girma. In ya zo gida ya durƙusa gaishe ta, gefe take kallo ta amsa a taƙaice, kamar baƙon da ya yi ɓatan hanya. Kunyar ɗan fari ce, haka uwarta ta yi, haka kakarta. Duk shekarun da ya yi a waje, Baba ne ke riƙe waya a zaure, ita tana daga bakin ƙofar soro tana tankaɗe ko tsinkar zogale, in an ce yana gaishe ta sai ta ce a ce masa lafiya lau. Mu kuma muka zo da abin da zai dasa mata fuskarsa a tafin hannu, tata ma a nasa, ba kowa a tsakani. Ni da digirina na yi ta yaƙi da bango.

Na gaya mata abin da Yaya ya ce, cewa yana ganin fushi take yi da shi don bai zo ya binne Baba ba. Carbin ya tsaya a hannunta.

Wayar ta sake ƙara. Na ɗauka, na danna na rufe kyamarar ɓangarenmu kafin in amsa. Na ce wa Yaya ga ni a ɗakin Inna, muna ganinsa, amma shi ba zai gan mu ba, kuma kar ya tambaye ni dalili yanzu. Ya ce to. Na matsa kusa da ita na raɗa mata cewa ba ya ganinta, ko kaɗan. Sai da ta sa na maimaita.

Ya fara gaisuwa, ya yi mata ta'aziyya kamar ranar aka yi rasuwar, yana kallon baƙin gilashi. Inna ta fara da satar kallo. Can ta gyara zama, ta kama hannuna ta jawo wayar kusa da fuskarta. Ta kalle shi, ta yi ta kallonsa, tun daga goshi har gemu. Ban taɓa ganin ta kalli wani cikinmu haka ba, mu da take kiran sunayenmu safe da yamma.

"Ce mishi ba ni hushi da shi," ta ce da ni, idonta a kan wayar. "Ce mishi hurhura ta cika kai nai, kuma ya rame. Shi riƙa cin abinci."

Yaya ya rufe fuska da tafin hannu.

"Ce mata na jiya."

Ban isar wa kowa da saƙo ba, tunda duk sun ji juna. Na dai ci gaba da riƙe wayar yadda Baba ya saba riƙewa, hannuna ya yi tsami, ban sauke ba.