Buhun Irin Inna a Siton Guri

Haɗeja

Ƙarfe shida saura kwata muka bar tasha, ni da Falmata 'yar ƙanena. Buhu ɗaya ya tashe mu: irin shinkafar Inna, wanda ta gada daga kakarta. Da ruwa ya ci ƙauyenmu, an kwashe amfanin kowa zuwa wani sito a bayan Guri, jiya kuma muka ji cewa yau da la'asar za a kai komai injin casa. Iri kuwa in ya shiga inji, sai dai tuwo.

Tun kafin ambaliyar, Falmata ta ɗinke wata 'yar na'ura kamar maɓalli a bakin buhun.

A mota na ce, "Tauraron ɗan'adam zai nuna mana shi?"

"Baffa, tauraro iyakarsa rufin kwano. A ciki sai dai waya ta saurari na'urar. In mun matso alama ta ƙaru, in mun yi nisa ta ragu."

Direba ya ce, "Lalube ke nan, na 'yan boko."

Guri

Shingen 'yan sanda biyu, facin taya ɗaya, sannan kwalekwale. Sha biyu da kwata Malam Bukar mai kula da sito ya buɗe mana. Buhuna har rufi, duk kama ɗaya, danshi ya goge sunayen.

Falmata na ɗaga waya, mutanen gari suka cika siton don taya mu nema, kowa yana leƙe. Alama ta hau, ta sauka, ta ɓace.

Ta raɗa mini, "Jikin mutane ke tare ta. Baffa, ka ce su fita."

Shekara talatin ina korar yara daga aji, amma ban taɓa koyon korar wanda ya zo taimako ba. Na jiyo motar da za ta kwashi kaya ta tsaya a waje.

Sai ladan ya kira azahar, siton ya watse. Na bi su, na yi sallar, rabin hankalina yana baya, Allah Ya yafe mini. Ko da na dawo, Falmata na tsaye a kusurwar arewa, ta ɗora waya kan wani buhu.

Gida

Bayan magariba muka iso. Inna ta zura hannu a buhun, ta shinshina, ta ce, "Shi ne." Ta yi hamdala, ta sa wa Falmata albarka mai tsawo. Ni kuma ta ce mini sannu da rakiya.