Muryar Malam da Na Sa Aka Goge

Assalamu alaikum Edita. A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni ne mutumin da ake tambaya idan za a sayi waya a unguwarmu ta Ƙofar Sauri. Ma'aikacin ofis ne ni, ban taɓa kwance ko da rediyo ba, amma bakina ya fi na masu ƙera wayoyin kaifi. Kullum ina kan karanta labaran fasaha, in kwaso abin da na gani in juye shi da Hausa a shafina kamar ni na gano. Wace waya ta fito, wace ce za ta mutu a kasuwa, duk ina da ta cewa. Har akwai ranar da aka yi ta labarin ma'aikatan wata masana'antar haɗa waya suna kukan wahalar aiki, na rubuta cewa lalaci ne kawai, mutum yana cikin sanyin na'ura yana ɗaura ƙananan kusoshi, wace wahala ke nan? Aka yi ta yaba mani, kaina ya ƙara girma.

Mutum ɗaya ne bai yaba ba, shi ne taubashina, ɗan ƙanin mahaifiyata. Shi ya yi irin wannan aikin a wata masana'anta a Legas, ya dawo gida da ciwon baya da tabarau mai kauri, ya kafa teburin gyaran waya a bakin kasuwa. Kun san wasan taubasai, ba mu haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ni ina kiransa likitan kashe waya, shi yana kirana injiniyan baki. Da ya karanta rubutun nan, ya ce mani in zo in tsaya wuni guda a tsaye ba zama, ana ƙirga mani yawan abin da hannuna ya haɗa, ana ƙirga mani mintunan shiga bayi, sannan in koma in sake rubutawa. Na yi dariya na ce ai shi ya sa suka koro shi. Yanzu in na tuna, a ranar bai yi dariya ba, ni ne dai ban lura ba.

Mahaifinmu Malam, Allah ya jiƙansa, bayan ya ajiye aiki ya koma noma. Da damina a gonarsa ta Batagarawa yake tarewa, sai ranar Juma'a ya shigo gari. Hajiya, mahaifiyarmu, ba ta karatun boko, don haka kowace safiya saƙon murya yake aiko mata. Gaisuwa ce doguwa irin tasu ta manya. Ya tambayi kwananta, ya tambayi ƙafarta mai ciwo, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi tumakin gida, ya ba ta labarin yadda gero ya yi, wani lokaci ya tsokane ta cewa yajin da ta ƙulla masa ya ƙare, sannan ya rufe da addu'a. Bayan rasuwarsa aka goge wayarsa aka bai wa ƙaninsa, saƙonnin nan suka rage a wayar Hajiya kaɗai. Ba ta saurarensu a gabanmu, saboda kunya irin ta mutanen da. Amma duk gidan mun san cewa in ta idar da sallar walaha ta saki labule, muryar Malam ce ke tashi ƙasa-ƙasa daga ɗakinta.

Ni na matsa mata ta sauya waya. Tata ta tsufa, gilashin ya tsage, kuma ina jin nauyi a ce uwar mai ba mutane shawara ce ke riƙe da ita. Na sayo mata wadda na fi yabawa a shafina, na kwashe saƙonnin na zuba a ciki, na goge tsohuwar na bayar. Ta tambaye ni sau uku ko Malam na ciki, na kunna mata ta ji, hankalinta ya kwanta. Na san ya kamata in ajiye kwafi a wani wuri. Ni da kaina na sha rubuta wa mutane haka. Na ce zan yi gobe, kuma ban yi ba.

Bayan 'yan watanni wayar ta ɗauke. Ba ta faɗi ba, ba ta shiga ruwa ba, kawai ta ƙi kawowa. Da la'asar taubashina ya zo gaida gwaggonsa, ya karɓi wayar ya jujjuya, ya sa caji ya kasa kunne kamar mai duba mara lafiya. Ya ce yana zaton matsalar ƙarama ce, a wajen shigar wuta take, in bar shi ya buɗe ya farfaɗo da ita ko na minti goma ne a kwashe abin da ke ciki, daga nan in kai ta duk inda nake so. Na ce a'a, wayar tana da garanti, in ya ɓalle ta kamfani ba zai karɓa ba. Ya ce mani a inda ya yi aiki ba a tsayawa neman ciwon waya, cire cikinta gaba ɗaya ake yi a sa sabo, tsohon a jefa kwali, domin ma'aikacin yana da adadin da dole ya cika kafin a tashi, ba shi da lokacin tunanin abin da ke cikin wayar wani. Na ce masa ciniki yake nema, bai ga wayar kashewa ba yau. Ya cire tabaransa ya ce wallahi wannan ba wasa yake yi ba. A tsakanin taubasai kuwa har rantsuwa mukan yi cikin wasa, sai na ɗauke ta a haka. Hajiya na zaune tana jinmu. Abin da ta ce kawai shi ne in yi yadda na gani, ni na san kan abin.

Washegari na kai wayar ofishin kula da masu sayen kayan kamfanin. Wata matashiya ta miƙo mani takarda mai ƙananan rubutu, ta nuna inda zan sa hannu. Na sa ban karanta ba, ina ma yi mata bayanin ƙarfin batirin wayar don ta san da wa take magana. Ta ce kwana bakwai. Kwana bakwai suka zama sati uku. In na je a ce an tura Kano, in na koma a ce ana jiran kaya daga Legas, wata rana a ce wanda ke da makullin kwamfuta ya fita. In na kira lambarsu sai na'ura ta ce in danna ɗaya, in danna uku, a sa mani kiɗa har katina ya ƙare. Ranar da mutum ya ɗauka, sai in faro labarin daga farko, ya ba ni haƙuri da kalmomin da na jiya ya ba ni, ya ba ni sabuwar lambar ƙorafi. A mako na biyu tsoro ya fara shigata. Na roƙi wani daga cikinsu ya rubuta cewa kada a goge komai, akwai muryar mamaci a ciki. Ya ce ya rubuta. Ban san ko ya rubuta ba, ban kuma san ko akwai mai karantawa ba. Duk tsawon lokacin nan Hajiya ba ta cewa yaushe waya za ta dawo, sai dai ta ce yaushe za a maido mata Malam.

Ranar da aka ba ni ita, tana walƙiya kamar sabuwa. Na kunna a nan gaban teburin, ta yi mani maraba ta ce in zaɓi harshe. Ba komai a ciki. Na yi ihu, na bugi tebur, na nemi babbansu. Ya fito cikin ladabi ya ɗauko takardar nan, ya ɗora yatsa a kan layin da ya ce kamfani ba shi da alhakin abin da ke cikin waya, ga sa hannuna a ƙasa ƙato. Na tambayi tsohon cikin da aka cire, ya ce an tattara da sauran an mayar, ba yadda za a gane shi. Ban kai bakin titi ba saƙo ya shigo, suna godiya, suna roƙon in nuna yadda na ji daɗin hidimarsu.

Wajen taubashina na fara zuwa, ba gida ba. Na yi zaton zai rama, ai ya samu abin da zai tsokane ni da shi har tsufa. Ya buɗe wayar ya duba, ya rufe, ya girgiza kai. Ya tashi ya kulle teburinsa da rana tsaka ya ce mu je tare, wannan ba maganar da mutum ɗaya zai faɗa wa Gwaggo ba ce.

Mun same ta tana tsince shinkafa. Ta goge hannu a zaninta ta karɓi wayar da murna, ta miƙo mani ta ce, “To kunna mani shi in ji.” Na durƙusa na faɗa mata gaskiya. Ta yi salati, ta ce Allah ya ƙaddara haka, kada in sa wa kaina damuwa. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ajiye wayar a kan tabarma ta ci gaba da tsintar shinkafarta, sai dai na ga tana zubar da masu kyau tana barin tsakuwa.

Mun bi dangi kaf, ba wanda ke da muryar Malam sai wani ɗan guntun bidiyon suna, inda yake cewa a matsa wa baƙi su zauna. Yanzu da walaha Hajiya takan saki labule kamar da, amma ɗakin shiru. Kwanakin baya na jiyo ta tana tambayar ƙanwata wai ta tuna mata, in Malam zai gaishe ta, ƙafarta yake fara tambaya ko mu 'ya'ya, domin abin ya fara kwance mata. Ƙanwata ba ta sani ba, tunda ba a taɓa kunnawa a gabanta ba. Na fita zaure na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na daina rubutu a kan waya, wancan rubutun na ma'aikata kuma na cire shi, na nemi gafarar taubashina. Na gane karanta labarin abu daban, sanin abu daban, kuma wanda bayansa ya yi ciwo a aiki ya fi ni sanin aikin. Masu karatu, in akwai muryar wani naku a waya, ku ajiye ta wuri biyu yau, kada ku ce gobe. Ku karanta takarda kafin ku sa hannu. In kuma abokin wasanku ya daina murmushi ya ce ba wasa yake yi ba, ku tsaya ku saurare shi. Ni garanti na kare, kuma kamfani ya cika alkawarinsa, ga wayar nan tana aiki lafiya lau a kan tagar Hajiya, ba ta ƙara taɓa ta ba.