Agugun Gwaggo da Man Shanu

Gwaggona, yayar babanmu, ta fi shekara talatin tana ba mutanen Kontagora agugu, saiwar wani tsiro mai ganye kamar gashin kaza da ke fitowa a gindin duwatsu masu laima. Maganin tsila ne. Sharaɗinta ɗaya: kwana uku ba mai, ba man shanu, ba kitse. In ka tambayi dalili sai ta ce, "Haka na gada, sarkin surutu."

Lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, wani manomi daga Auna ya sha. Tsila ta fita, amma idonsa ya dushe. Shi ke nan, gari ya ɗauka Gwaggo ta makantar da mutum. Matar da ƙofarta ba ta rabuwa da takalma, sai ga ta daga ita sai kaji. Wallahi abin ya ci mini rai.

Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje a Zariya a lokacin, sai na cika gwangwani da saiwar na tafi da ita. Ni da maigidana na wurin aiki muka shanya, muka niƙa, muka jiƙa, muka tace. Wata biyu muna fama kafin muka ware wani abu kore-kore mai kauri, wanda shi ne ke kashe tsilar. A ruwa ya ƙi narkewa. Da muka ɗiga masa man gyaɗa, nan take ya narke.

Maigidana ya ce, "To ka gani. In ba mai, a hanji zai tsaya ya yi aikinsa. In da mai, jini zai bi har ya taɓa ido."

Na dawo gida da zafina, ko ruwa ban sha ba.

"Gwaggo, ba laifinki ba ne! Mai mutumin nan ya ci. Gobe Juma'a, kowa sai ya ji."

Wake take tsincewa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sannu da aiki, malamin kwalba. Ai na sani. Tun a makon matarsa ta zo nan tana kuka. Ramarsa ta ba ta tausayi, ta zuba masa man shanu a tuwo."

"Haba Gwaggo! Me ya hana ki faɗa?"

"In na faɗa ya kore ta, wa zai ja masa sanda?"

Sai na zauna na taya ta tsintar waken. Har ta rasu ba wanda ya sake zuwa neman agugu. Takardar gwajin tana nan cikin adakata.