Shafin da Na Karanta wa Bappa

Har yau in na ji warin man keken ɗinki, sai zuciyata ta koma rumfar mahaifina a kasuwar Bodinga. Mu Kiristoci ne, 'yan gidaje kaɗan a garin. Mahaifina tela ne, maƙwabtanmu Musulmi shi suke kai wa ɗinkin salla. Ranar Lahadi kuwa a zauren yayansa muke taruwa, wanda muke kira Bappa, don shi ke karanta mana littafi.

Ina 'yar shekara tara mahaifina ya rasu, da damina. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba Bappa ya turo amalanke aka ɗauke keken. Inna, mahaifiyata, ta iya ɗinki, da keken nan za ta ciyar da mu. Da ta je tana kuka, sai ya buɗe littafi ya karanta mata wurin da ke koyar da cewa in an ƙwace maka riga ka ƙara da mayafi, in an mare ka ka juya ɗaya kuncin. Inna ta koma yin surfe a gidajen mutane, tafin hannunta duk ya yi kanta.

Da rani awakin wani mutumin Sifawa suka tattake wa Bappa albasa a fadama. Ranar Lahadi sai ga shi da wani shafin daban, mai cewa wanda ya cire ido a cire nasa, wanda dabbarsa ta yi ɓarna ya biya. Ya riƙe akuya biyu.

Na kasa daurewa. Na ce, "Bappa, littahin ga ɗaya na ko biyu? Don mi mu na haƙuri, kai na ramuwa?"

Ya kwaɗa mini mari. Na juya masa ɗaya kuncin kamar yadda ya koyar, shi kuwa ya ƙara mini.

Da na girma na karance littafin da kaina. Shafukan biyu suna nan daram. Masu wa'azi sun ce mini na ramuwa na da ne, na haƙuri sabo, amma ban taɓa ganin mai ƙarfi ya zaɓa wa kansa na haƙuri ba.

Inna ta rasu ba ta sake taka keke ba. Bappa ya makance, yana gidan ɗansa a Shagari. Bara na je, na tarar da kekenmu a bayan ɗaki ya yi tsatsa, kaji na kwana a kai.

Ya ce, "Ɗiyata, karanta min wurin gahwara."

Na buɗe na karanta masa inda fushin Ubangiji ke sauka a kan mai zaluntar marayu da matar mamaci. A hankali na karanta, don ya ji kowace kalma.

"Ba nan ba," in ji shi.

"Nan na, Bappa. Wurinka na koyi zaɓen shahin littahi."

Na sa aka ɗaure keken a bayan mashin. Yana ɗakina yanzu, ba ya ɗinki, amma duk Lahadi sai na zuba masa mai. Ban yafe ba.