Muryar Yaya Sule da na'ura ta ƙi karɓa

Ni dai wawa ne, gara in faɗa da bakina kafin ku ji a bakin mutanen unguwarmu Aboabo. Karatuna aji biyu, shi ma rabinsa a bayan makaranta na yi shi ina cin gyaɗa. Amma wallahi abin da zan ba ku ya faru da ni, shekarun baya, a shagon 'yata Hajara da ke unguwar Alabar.

Hajara ta karanci kwamfuta, aikinta juye tsofaffin kaset na wa'azi da na biki zuwa cikin wata baƙar na'ura da ke gurnani a ƙarƙashin tebur. Ta ce manhajar ciki kyauta ce, mutanen duniya ke taruwa suna gyara ta kamar aikin gayya. Na kai mata kaset ɗaya tak, na yayana Sule, Allah ya jiƙansa, inda yake wa tsohuwarmu saƙo daga Abijan. Kaset ɗin ya ci zamani, muna gama juyewa zarensa ya tsinke ya cukurkuɗe, saura dai na'ura ta adana abin da ta riƙe.

Sai ta ƙi. Wai babu wuri. Hajara ta duba ta ce rabin ƙwaƙwalwar ma a sake take, sai dai gutsi-gutsi ne, kamar trotro, motar hayar nan tamu, da ta rage kujeru shida a warwatse, mutum shida kuma suka ce sai a jere za su zauna. Na yi dariya, amma sai na tuna, lokacin da Sule ya dawo da ciwo, gidan gadonmu na riga na yayyanka shi da katako na zuba 'yan haya, ko'ina lungu, babu ɗaki guda da zai ɗauki gado da mai jinya. Na ce masa babu wuri. A zauren wani aboki ya cika.

Hajara ta ce kada in taɓa komai, muryar tana rataye ne, in wuta ta yanke ta tafi, ita kuma za ta je ta yi azahar ta dawo ta lallaɓa na'urar. Rana tsaka, masu kayan kai na wucewa, ga mai sayar da waakye, shinkafa da wake, tana faɗa da ɗan babur, sai na ji tarin Sule daga ƙarƙashin tebur, tarin nan nasa mai biyu-biyu. Sannan a hankali, ba faɗa: "Ƙanena, ɗan matsa mini."

Na saurari kaset ɗin nan ya fi a ƙirga, babu wannan maganar a ciki. Inna lillahi. Hannuna bai yi shawara da ni ba, na fizge wayar wutar na'urar daga bango.

Shi ke nan, muryar ta tafi, ba a kaset ba a na'ura. Yau ko na rufe ido ina neman yadda yake kiran sunana, ba na samu. Ku da naku ke raye, in sun ƙwanƙwasa, ku ɓalle katako ko da ɗan haya zai zage ku.

Da Hajara ta dawo na rantse mata wuta aka ɗauke, alhali fanka na juyawa a kanmu. Ba ta tsawata mini ba. Da na gaji na faɗa mata gaskiya, ta daɗe tana kallon ƙarƙashin teburin, ta ce, "Baba, ai na'urar nan ko lasifika ban taɓa sa mata ba."