Ƙofar Ɗakin Kafinta

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na gyara ƙofar ɗakina da hannuna ba, ina cikin takaba. Ban iya rubutu ba, ɗiyata ce ke rubuta muku, ku yaran da kuke koyon kafinta yanzu.

Marigayi Malam Sule, mijina, kafinta ne a unguwar Gyadi-Gyadi. Rumfarsa tana ƙofar gida, ni kuma ina ciki. In ya harhaɗa ƙyaure, sai almajiran sana'arsa su shigo mini da shi in goge, in shafa mai. A hannuna aiki ke ƙarewa, sunana kuwa bai taɓa fita zaure ba.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, aiki ya yi yawa. Duk wanda ya sami kujera sai ya sake ƙofofin gidansa. Tamu kuwa ta daɗe da sunkuyawa, gindinta yana jan ƙasa. Sai ka tallabe ta da gwiwa sannan ta rufu.

Nakan ce, "Malam, ƙofar nan fa."

Ya ce, "Ke dai Hajara, ta gida ba ta guduwa. Bari in gama aikin Tarauni."

Bai gama na Tarauni ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi da damina, Allah ya karɓi abinsa.

Mai takaba tana son ta rufe ɗakinta ta yi kukanta. Ni ban samu ba. Ƙofar ta ƙara saki, iska ta buɗe ta, maza masu gaisuwa suna ganina a zaune.

Garba ya zo, babban almajirin Malam, wanda ya gaji aikin Tarauni. Shinkafata ya ci har ya yi gemu. Ya tsaya daga waje, ya tallabe ƙofar da gwiwa yadda ya saba tun yana yaro.

Ya ce, "Inna, wannan ai sai sabuwa. Zan turo yara."

Na ce, "Garba, ƙarfen sama da ke riƙe da ƙyauren ne kawai ya saki. Ga kayan aikin maigidanka nan."

Ya dubi farar shaddarsa, ya ce, "Inna, ana jirana."

Yara ba su zo ba. Sauran almajiran ma haka, kowa ya ɗaga ƙofar, ya yi addu'a, ya tafi.

Da na gaji, na buɗe akwatin Malam. Na tokare gindin ƙyauren da guntun katako har ya daidaita. Na kwance ƙarfen sama, na ga ramukan ƙusoshin sun yi faɗi. Na cusa musu tsinken ashana yadda na sha ganin yana yi wa mutane, na mayar, na ɗaure. Ko ruwan tuwo bai tafasa ba na gama.

Na tura ta, ta rufu shiru. A nan ne kuka ya ƙwace mini. Ashe wannan ƙarar jan ƙasa ita ce ke gaya mini Malam ya shigo.

Abin da na gani a sana'ar nan, masu ita suna gyara ƙofar da za a yaba musu, su bar wadda za a yafe musu. Na yafe wa Malam. Garba kuwa, har yau in ya aiko da gaisuwa, nakan ce a gaya masa ƙofa ta rufu.