Ɓarawon Batirin Motar Babanmu

Shekaranjiya da safe ina shanya a tsakar gida sai na ji maƙwabcinmu yana murɗa makullin motarsa, ita kuwa tana ba shi amsa da ƙas-ƙas-ƙas, irin ƙarar motar da batirinta ya kwana ya mutu. Hannuna na kan igiya, amma sai tafukana suka tuno zafin ƙarfen wata mota da na sha turawa a Arlit, ina 'yar shekara goma sha biyu. Bari in ba ka labarin, ko don ka san irin mutanen da aka ce mu riƙa durƙusawa muna gaishe su.

Mu 'yan Damagaram ne, aiki ya kai mahaifina arewa. Ya daɗe yana tuƙa motar da ke kai ma'aikata ramin ma'adini, har tari ya kama shi aka sallame shi. Da abin sallamar ya sayi wata tsohuwar mota fara a hannun wani nasara da zai koma gida. Da ita yake ɗaukar 'yan kasuwa da kayansu tsakanin Arlit da Akokan, kuma da ita muke ci. Ran da ba ta fita ba, tukunyar Inna ce ke fara sani.

Gidan namu akwai Baffa, wan mahaifina. Shi ma ya taɓa aiki a kamfanin ma'adinin, sai dai aikinsa bai wuce ya tsaya a taga yana miƙa wa ma'aikata safar hannu da takalma ba. Amma in ka ji shi a fadar dattawa da ke ƙofar gidanmu, sai ka rantse shi ya haƙa ramin da hannunsa. Ya fito da hular kwano ɗaya, da shuɗiyar rigar aiki, da Faransanci cikin cokali, kuma da su ya rayu. Alƙalami uku yake jerawa a aljihu, ban taɓa ganin ya yi rubutu da ko ɗaya ba. Yana da akwatin kayan aiki wanda ko ɗigon mai bai taɓa ɓata shi ba. A kofur yake ajiye shi, wato akwatin bayan mota, makullin kuwa yana ɗaure a mazagin wandonsa. Motar ta Baba ce, amma bayanta na Baffa ne, ba mai buɗewa sai shi.

A bazarar shekarar da zan rubuta jarrabawar satifika ta gama firamare motar ta fara. Da la'asar Baba zai dawo ya kashe ta lafiya lau. Da safe ya murɗa makulli, sai ƙas-ƙas, sai shiru. Daga nan sai a kira mu, ni da ƙannena, mu dafa bayanta. Wanda bai tura mota cikin yashin Arlit ba bai san turi ba. Ƙafarka na nutsewa, taya na nutsewa, ƙarfen tun hantsi bai yi ba ya fara gasa hannu, Baba na ciki yana tari yana cewa mu ƙara kaɗan. Kafin ta tashi, 'yan kasuwa sun gaji da jira sun hau wata.

Baba ya so ya kai ta garaji. Baffa ya dube shi kamar wanda ya yi saɓo.

"Ina raye za ka kai motar gidanmu wurin yaran da ba su san sunan ƙusa da Faransanci ba?"

Baba ya janye maganar. Haka yake a gaban wansa, tun suna yara aka ce.

Baffa ya sa hular kwanonsa, ya ɗaga murfin inji, ya daɗe yana kaɗa kai, ya ce batiri ne. Inna ta sayar da akuyarta aka sayo sabo. Kwana uku ya yi, ran na huɗu muka koma turi. Baffa ya ce to alternata ce, abin da ke cika batiri in mota na tafiya. Ya kwance ta a kan tabarma, dattawan fada sun kewaye shi suna "Allah ya ƙara basira". Da ya haɗa ta, ƙusa biyu suka yi saura a kan tabarmar, ya tura su ƙarƙashin cinyarsa yana zaton ba a gani ba. A ɓoye Baba ya kai ta wurin waɗancan yaran suka mayar da ita yadda take, suka ce tun farko lafiyarta ƙalau. Da Baba ya ce ko ya riƙa cire kan batiri in ya dawo da yamma, Baffa ya ce wannan aikin jahilai ne, yana kashe inji. Aka bari.

Da dabara ta ƙare wa Baffa, sai ya nemi mai laifi, ni ce kuma mafi sauƙin kamawa. Gidanmu yara bakwai ne, ba inda mutum zai buɗe littafi ba a hau kansa ba. Don haka in Baba ya dawo da la'asar sai in shiga kujerar baya, in bar ƙofa a buɗe, in yi bitar karatuna har a kira magariba. Kowa ya san da haka. Wata safiya, mun gama turi ina haki, Baffa ya tara mutanen gida ya ce ya gano ɓarawon. Wai rediyon motar nake kunnawa ina jin waƙoƙin banza, shi ke shanye batirin. Na rantse ban ma san inda ake kunna shi ba. Ya ce ga shi nan, har ta iya rantsuwar ƙarya a gaban manya, abin da lakkol, makarantar boko, ke koya wa 'ya'ya mata ke nan. Ya yanke hukunci a tsaye: in bar zuwa lakkol, in zauna gida in taya Inna aiki, tun da ni na jawo wa gidan asara.

Na dubi Baba. Idonsa na kan takalminsa. Wannan kallon takalmi ya fi maganar Baffa yi mini ciwo, har yau ban gama yafe shi ba, Allah ya jiƙansa.

Aka ɗauke jakata aka rataye a ɗakin Baffa. Aka hana ni kusantar motar sai lokacin turi. Batiri ya ci gaba da mutuwa. Baffa ya ce ai na riga na lalata cikinsa. Aka cire rediyon ɗungurungum, washegari muka yi turi. A nan mai kunya zai ce ya yi kuskure. Baffa kuwa sai ya zauna a fada ya bayyana wa dattawa cewa ƙasar Arlit ce, ƙarfin ma'adinin da ke cikinta shi ke tsotse kuran, wato wutar lantarkin batiri, ta tayoyi, wai wani injiniya nasara ya taɓa faɗa masa a asirce. Ya sa muka jera katako muka ɗora motar a kai. Dattawan nan masu furfura, waɗanda kullum suke ganin motocin gari suna kwana a kan ƙasar nan suna tashi, sai gyaɗa kai suke yi. Shayinsa suke sha. Ni kuwa ina jin 'yan ajinmu suna wucewa ta bayan katanga da safe, ina wanke-wanke.

Inna ba ta yi gardama da kowa ba, ba halinta ba ne. Sati na shida ta ɗauki ƙwaryar fura ta shiga gidan da ke bayan namu, wurin matar wani tsoho Ba'abzine wanda ya yi shekaru yana aikin kuran a ramin kafin ya huta. Ba ya zama a fada. Baffa kan kwaikwayi Hausarsa don a yi dariya, saboda tsohon ba ya raba mace da namiji a magana, komai "ya" ne a bakinsa.

Ran Juma'a da hantsi tsohon ya zo, rawani ya rufe masa rabin fuska, ba akwati, ba hular kwano. Ƙaramin ƙwan fitila ne a hannunsa da aka ɗaura wa waya biyu, sai kule ɗaya, ƙarfen kwance ƙusa. Ya gaida Baba, ya gaida Baffa, Baffa ya amsa da hanci. Tsohon ya sa aka kashe komai na motar aka rufe ƙofofi. Ya kwance wayar da ke kan batiri ta ɓangare ɗaya, ya sa ƙwan nan tsakanin wayar da kan batirin. Ƙwan ya kama, ja-ja.

"Mota ya yi barci, amma wani ya tashi yana ci," in ji shi. "In ba mai ci, wannan ba ya kamawa."

Ya buɗe wurin fizibil, 'yan ƙananan abubuwan nan da kowace hanyar kuran ke bi ta cikinsu. Ya riƙa zare su ɗaya-ɗaya, ya dubi ƙwan, ya mayar. Na fitilun gaba, na hon, na goge gilashi. Bai yi sauri ba. Ya kai na ƙarshe, ƙwan yana nan a kunne. Baffa ya yi dariya ya juya wurin dattawa, waɗanda suka taso suka cika ƙofar gida.

"Kun gani? Na ce muku ƙasa ce."

Tsohon bai ko waiwaye shi ba. Ya koma kan batirin ya bi wayoyin da yatsa, sai ya tsaya a kan wata jar waya siririya da aka naɗe da tsumma, wadda ba ta bi ta wurin fizibil ba. Ta shige ƙarƙashin shimfiɗar mota ta nufi baya. Ya tambaya ta wace ce.

Baffa ya ce tasa ce. Fitila ya sa a kofur don ya riƙa ganin kayan aikinsa, da maɓalli wanda murfi ke dannawa in an rufe, ta mutu. Shi ya haɗa da hannunsa, irin haɗin da ake yi a Faransa. Tsohon ya zare jar wayar, ƙwan ya mutu. Ya mayar, ya kama. Ya sake, don kowa ya gani. Baffa ya ce ƙwan buzun ne ke da matsala, fitilarsa tana mutuwa in an rufe.

"Wa ya shiga ciki ya gani?" in ji tsohon.

Ya ɗaure batirin yadda yake, ya juya wajen zaure inda Inna take tsaye a bayan ƙyaure, ya ce in ta yarda, yarinya ya shiga, shi ne ƙarami, ba zai daɗe ba. Inna ta ce in je. Sai da Baba ya buɗe baki, karo na farko a wata biyu, ya ce, "Yaya, ba da makullin," kafin Baffa ya kwance mazagi.

Aka fitar da akwatin nan mai ƙyalli, na hau na lanƙwashe. Warin roba da tsohon mai ya cika mini hanci, ƙarfen ƙasan yana ƙona mini gwiwa. Na ga fuskar tsohon, sannan murfi ya sauko ya yi ƙarar kullewa. Na jira duhu. Duhu bai zo ba. Fitilar Baffa tana nan a saman kaina tana haskawa tar, har ina iya ƙirga zaren zanena. Maɓallin kuwa ga shi can an ɗaure shi a karkace, tsakaninsa da murfin akwai faɗin yatsa biyu. Na kai hannu kan fitilar, robarta ta narke ta yi baƙi, ta ƙone ni. Tun ran da ya haɗa ta take ci, dare da rana, tana haska wa akwatinsa.

Na ji muryar tsohon daga waje yana tambaya, ya mutu ko bai mutu ba. Na ɗaga murya yadda har na ƙarshen layi zai ji.

"Tana kunne! Ko littafi aka ba ni zan karanta!"

Da aka buɗe, dattawa sun fara zamewa, wannan ya tuna alwala, wancan ya tuna jikansa. Tsohon ya yanke wayar, ya naɗe ta, ya miƙa wa Baffa da hannu biyu kamar mai ba da kyauta, ya yi sallama ya tafi. Ko shayi bai tsaya sha ba. Baffa ya juya wayar a hannu ya ce maɓallan da ake kawowa yanzu ba su da inganci. Abin da ya ce ke nan, ba ƙari. Bai dube ni ba ran nan, bai kuma taɓa cewa ya zalunce ni ba. Inna ce ta shiga ɗakinsa ba sallama ta ciro jakata. Ran Litinin motar ta tashi da murɗi ɗaya, ni kuma na koma lakkol, amma an riga an aika sunayen masu jarrabawa. Sai da na maimaita ajin, na zauna da ƙannen ƙawayena shekara guda.

Yanzu Arlit ba ta nan yadda na bar ta. Ramin da tsohon ya yi wa aiki an rufe shi, shi kansa ya daɗe da rasuwa, Baba ma haka. Samari sun watse Tchibarakaten neman zinariya, waɗanda suka rage suna kabu-kabu. Irin su Baffa ne dai ba sa ƙarewa. Da hular kwano suke yawo a da, yanzu waya ce a hannunsu, sun kalli wani yana gyara na minti biyu sun zama malamai, kuma har gobe akwai masu shan shayinsu suna gyaɗa kai.

Shi Baffan yana nan, ya tsufa tukuf. Bara da na je gida da ƙaramar salla, na iske shi a zaure da baƙi. Na durƙusa na gaishe shi, don haka aka koya mini. Ya nuna ni da sanda ya ce musu, "Wannan malamar lakkol ce a Agadez. Ni na tsaya mata ta yi karatu, da uban ya cire ta."

Baƙin suka shiga sa masa albarka. Ina shirin tashi sai muryar Inna ta fito daga tsakar gida, tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Gaskiya ne, Yaya. Har fitila ka sa mata."